BABI NA HUƊU: INJIN BAN RUWA DA SAUYIN HALAYEN MANOMAN FADAMA A ƘASAR DIGGI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar fasaha da ire-iren kayan aikin da Bahaushe ya gada kaka da kakanni. A wannan babi kuwa za a ɗauki na'ura guda ɗaya, wato injin ban ruwa, a bi sawunta domin a ga abin da ta sauya a halayen mutane da mu'amalarsu da junansu da kuma zamansu da muhallin da suke ci daga gare shi. An zaɓi ƙasar Diggi, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Kalgo a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, domin yanki ne da rayuwar jama'arsa ta rataya a kan noma, kuma yana cikin ƙasashen da ke cin moriyar fadamar gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangara ta ƙasar Kalgo da Bunza kafin ya faɗa Kwara.

Bahaushe yana da maganganu biyu da ke neman karo da juna a kan wannan batu. A wani wuri cewa ya yi hali zanen dutse ne, wato ba a kankare shi. A wani wurin kuma ya ce zamani riga ne, ma'ana kowane lokaci da irin tufar da yake sa wa mutanensa. Idan magana ta farko ce gaskiya, to babu na'urar da za ta iya taɓa halin ɗan Adam. Idan kuwa ta biyu ce, to injin da ya sauya aikin hannu yana iya sauya mai hannun. Abin da wannan babi zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, da yawa daga cikin kyawawan ɗabi'un da aka san manomin fadama da su suna da ginshiƙai biyu: akwai tarbiyya, akwai kuma tilas da ƙarancin ƙarfi ya ɗora masa. Injin ban ruwa bai taɓa ginshiƙi na farko kai tsaye ba. Na biyun ya tumɓuke, ya bar tarbiyya tana ɗauke da kayan ita kaɗai.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi shi ne wanda Kirk-Greene (1974) ya tattara a kan siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, waɗanda suka haɗa da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Ba duka za a taɓo ba, sai waɗanda aikin fadama ya shafa.

4.1 Fadama Kafin Zuwan Inji

A da, gulbi ne ke tsara wa manomin fadama shekararsa. Tun kafin ruwan sama ya zauna ake fasa laka da garma, aiki mai cin ƙarfi wanda mutum ɗaya ba ya yi wa babbar gona. Da an sami ruwan shuka sai a watsa iri. Shinkafar gargajiya irin ta Afirka tana da wata baiwa, wato tana miƙewa tana bin ruwa yayin da ambaliya ke tashi, ta yadda kanta yakan kasance a sama ko da ruwa ya shanye mutum. Bayan nan babu sauran dabara a hannun manomi. Idan ruwan ya zo a hankali, an dace. Idan ya zo da gaggawa ya danne shuka tana ƙarama, ko kuma ya ƙi zuwa, to sai a rungumi ƙaddara a jira baɗi. Girbi sau ɗaya ne a shekara, bayan ruwa ya fara janyewa.

Wanda ya tashi a cikin irin wannan tsari dole ya koyi jira, domin babu abin da gaggawa za ta ƙara masa. Dole kuma ya koyi karatun muhalli: launin ruwa, da inda ya tsaya a jikin wata bishiya bara, da lokacin da wani tsuntsu ke bayyana. Wannan ilimi a kan tsofaffi yake, shi ya sa maganar dattijo a kan sha'anin gona take da nauyi. Ladabin da yaro ke yi wa tsoho yana da tushe a addini da al'ada, amma yana da wani tushen a cikin buƙata, domin wanda ya raina tsoho yana iya shuka inda ruwa zai cinye.

Da rani kuma akwai lambu, amma ƙarami ne. Kayan aikinsa jigo ne da guga da ƙwarya. Jigo dogon itace ne da ake ɗora wa gwafa, a ɗaura guga a gefe ɗaya, a ɗaura curin laka ko dutse a ɗaya gefen domin ya taimaka wajen ɗago ruwa. Duk ƙwazon mutum, ruwan da zai ɗebo daga safe zuwa yamma ba ya wuce abin da zai shayar da 'yan fangulan albasa da tattasai da tumatir. Abin lura a nan shi ne, iyakar lambu ita ce iyakar ƙarfin damtsen mai shi. Ba wanda ya taɓa ƙafe tafki da jigo. Saboda haka ba a buƙaci wata doka mai tsanani da za ta hana shi ba, gajiya ce ke tsayar da shi.

Sauran fadamar da jigo bai kai gare ta ba tana da masu ita. Da an kwashe shinkafa sai Fulani su gangaro da shanu su ci kututture da burugu da sauran ciyawar da ke tsirowa inda ruwa ya janye, su bar taki. Tafukkan da ambaliya ta bari cike da kifi kuwa suna ƙarƙashin kulawar sarakunan ruwa, ba a faɗa musu sai ranar da aka buɗe su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a sigarsa ta yanzu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan tsohon tsari na Kabawa aka gina shi: a hana taɓa ruwa tsawon lokaci, sannan a buɗe wa kowa a rana ɗaya. Wato ke nan fili ɗaya yana ciyar da manomi da makiyayi da masunci, kowa da lokacinsa. Samari da yawa kuma ba sa ma gari a wannan lokaci, sun tafi cin rani, al'adar da Prothero ya yi nazarinta a lardin Sakkwato tun cikin shekarun 1950.

Ba a kawo wannan bayani don a nuna cewa zamanin da aljanna ce ba. Shekarar da ambaliya ta ci amana yunwa ake yi, har a koma ga bado da ganyaye. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1984 sun isa shaida.

4.2 Madatsun Ruwa

Na'urar farko da ta taɓa rayuwar wannan fadama ba a ƙasar Kalgo aka kafa ta ba, mutanen Diggi ma ba su ga aikinta da idonsu ba. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, sannan aka kammala ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984. Manufar ita ce a tare ruwan damina a yi noman rani da shi a manyan filaye. Tun a wurin ginin Bakalori aka ga alamar abin da ke tafe, domin manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi bore a kan diyya, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka.

Waɗanda ke can ƙasa da madatsar kuwa nasu hasarar ba ta yi ƙara ba. Nazarin da Adams (1985) ya yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakalori ya nuna cewa ambaliya ta ragu a faɗi da zurfi, har manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kifi ya ragu, masunta kuma suka fara ƙaura. Gaskiya ne ƙasar Kalgo tana da nisa daga can, kuma akwai wasu koguna da ke ƙara wa gulbin ruwa kafin ya iso, saboda haka ba za a ce abin ya same ta daidai da yadda ya sami na kusa ba. Amma wani abu ya sauya ga kowa da ke kan wannan gulbi. Ruwan da a da ake cewa Allah ya kawo, yanzu wani sashe nasa yana da ƙofa, ƙofar kuma tana da ma'aikacin da ke buɗewa da rufewa. A ambaliyar 2010, wadda ta yi ɓarna a jihohin Sakkwato da Kebbi, sunan Goronyo ne a bakin mutane. A ta 2020 ma, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, an yi ta muhawara a kan rabon laifin ruwan sama da na madatsai.

Wannan ya taɓa ma'anar haƙuri ita kanta. Haƙuri da abin da ya sauko daga sama ibada ce a wurin Bahaushe. Haƙuri da abin da wani ɗan Adam ya yi da hannunsa kuwa yana da wani suna, domin a nan akwai wanda za a iya tambaya, akwai kuma haƙƙi. Manomin da gonarsa ta nutse yanzu yakan tsaya tsakanin waɗannan biyun.

4.3 Shigowar Injin Ban Ruwa

Ganin irin kuɗin da manyan madatsai suka ci da ƙarancin abin da suka haifar ya sa hukumomi suka juya ga ƙananan injuna. A shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta tsohuwar Jihar Sakkwato, wato SARDA, ta fara yaɗa ƙananan injunan fetur da ƙananan rijiyoyin burtsatse a fadamu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, hukumar KARDA ta ci gaba da aikin. Shirin Fadama na ɗaya, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1993 zuwa 1999, shi ne ya ba abin ƙarfi, kuma Kebbi tana cikin jihohin da ya fi mayar da hankali a kansu.

Dabarar mai sauƙi ce. A ƙarƙashin lakar fadama akwai yashi mai riƙe da ruwa, kuma ruwan ba shi da zurfi. Sai a huda ƙasa a zura bututu, a haɗa shi da inji mai bakin inci biyu ko uku wanda mutum ɗaya zai iya ɗaurawa a bayan babur. Abin da jigo ke ɗebowa a yini, inji yana zubo shi kafin a gama gaisawa. Da aka sami irin shinkafa mai saurin nuna kamar FARO 44, wanda ke isa girbi cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, sai noman rani ya tashi daga lambun albasa ya koma gonar shinkafa sosai, har ya zama wasu sun fi dogara da shi a kan na damina, domin da rani babu fargabar ambaliya. A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya. A ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ƙara wa shanshera daraja.

Amfanin wannan a fili yake, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗarsa. An sami abinci, an sami kuɗi a lokacin da a da ake zaman banza, an yi rufin kwano, an sayi babura, an aurar da 'ya'ya, wasu sun sauke farali. Samarin da ke tafiya cin rani da yawa sun sami abin yi a gida.

4.4 Abin da Inji Ya Sauya a Hali

Abu na farko shi ne lokaci. Mai inji ba ya jiran gulbi, shi ke yanke ranar da gonarsa za ta sha ruwa. Sai dai jiran da ya kuɓuce wa ya dawo masa ta wata ƙofa, domin yanzu fetur yake jira da taki da kuɗin da zai saye su. Shinkafar rani ba ta da kawaici. Idan ta yi 'yan kwanaki babu ruwa a lokacin da take ɗaukar ciki, to an yi hasarar duk abin da aka zuba. Wannan ya haifar da wani irin manomi mai lissafi, mai yawan duban farashi a waya, mai saurin yanke shawara. Hankali da hikima ba su ragu ba, sun dai sauya wurin zama, sun bar karatun ruwa da sama sun koma karatun kasuwa. A nan ne matsayin tsoho ya girgiza. Saurayin da ya iya kwance inji ya wanke kafireto, ya san ma'aunin magani a cikin tankin feshi, ya fi kakansa sanin abin da gonar yau ke buƙata. Yana gaishe shi yana durƙusa masa kamar da, amma ba ya tambayarsa. Ladabin ya saura, dogaron da ke ƙarƙashinsa ne ya tafi, kuma ladabin da babu buƙata a ƙarƙashinsa ya fi saurin tsinkewa.

Abu na biyu shi ne gayya. An saba jin manya suna cewa mutanen yanzu ba su da zumunci tun da sun bar gayya. A ganin mai wannan nazari, wannan hukunci ya yi tsauri. Gayya taimako ce, amma kuma bashi ce ta ƙarfi: ka zo gonata yau, in je taka gobe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tana yiwuwa ne a lokacin da ƙarfin kowa ya yi kusa da na kowa, kuma abin da aka noma na ci ne. Idan gona ta zama jari, wani yana da kadada goma wani yana da rabin ɗaya, to rana ɗaya a gonar wannan ba ta yi daidai da rana ɗaya a gonar wancan ba. Dole lissafin ya koma na kuɗi. Shi ya sa ƙwadago ya maye gurbinta, tare da hayar injin huɗa da na sussuka. Abin da aka rasa shi ne abin da gayya ke yi ba da niyya ba. A wurin gayya ake gane rago da jarumi, a nan makaɗa ke zuga samari, a nan kuma ake shigar da gonar marar lafiya da ta gwauruwa cikin layi ba tare da sun roƙa ba. Mai ƙwadago ba ya zuwa gonar da babu kuɗi. Yanzu wanda zai taimaki irin waɗannan sai ya yi niyya ta musamman, ya cire daga aljihunsa. Masu yi suna nan, amma ya zama halin mutum ɗaya ɗaya, ya daina zama tsarin gari.

Haka abin yake ga mata. Kala da shiƙa da gumi da casa a turmi hanyoyi ne da tsofaffin mata da marasa gona ke samun rabonsu daga shinkafar da ba su noma ba. Mai gona na da yakan kau da kai daga abin da ya zube a masussuka, kunya ba ta barinsa ya tsince. Idan dillalin kamfani ya zo bakin gona da mota ya auna shanshera buhu buhu ya wuce da ita, wannan rabo yakan ƙanƙance. Har yanzu mata masu gumi suna nan suna kai shinkafa kasuwanni, wasunsu ma jarinsu ya ƙaru, sai dai sun zama masu saye da sayarwa, kuma wadda ba ta da jari ba ta da wurin tsayawa.

Wani abin sha'awa shi ne fiƙihu ya riga ya san bambancin da kayan aiki ke kawowa. Amfanin gonar da ruwan sama ko ambaliya ta shayar ana fitar masa da zakkar ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala da kayan aiki kuwa ɗaya bisa ashirin. Saboda haka duk buhun da ya tashi daga noman damina ya koma na inji, rabon miskini a cikinsa ya ragu da rabi, kodayake yawan buhunan yana iya cike giɓin idan an fitar da gaskiya.

4.5 Haƙƙin Makiyayi da Masunci

Nan ne maganar ta fi nauyi. An nuna a 4.1 cewa manomi da makiyayi da masunci suna karɓa-karɓa ne a fili ɗaya. Inji ya rushe wannan karɓa-karɓa ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar rushe ta ba. Watannin da Bafillace ya saba gangarowa fadama su ne yanzu watannin da shinkafar rani take kore shar. Gonaki sun matso har bakin ruwa, sun toshe burtali da mashaya a wurare da dama. Manomi yana da hujja, gonarsa ce, gumin goshinsa da bashinsa suna cikinta. Makiyayi ma yana da hujja, nan ubansa da kakansa suka shayar. Takin zamani kuma ya rage buƙatar da manomi ke da ita ga kashin shanu, kututture da ƙaiƙayi sun zama abin sayarwa. Abotar da buƙatar juna ta ƙulla ta rasa igiyarta. Hukumomi da kansu sun gane haka, shi ya sa Shirin Fadama na biyu da ya fara a 2004 ya shigo da makiyaya da masunta da sauran masu amfani da fadama cikin tsarinsa, bayan na ɗaya ya fi karkata ga manoma.

Koyarwar Musulunci, wadda ƙasar Gwandu ta yi fice da ita tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta sanya ruwa da makiyaya cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, ta kuma hana cutar da maƙwabci. Hukuncin yana nan, abin da ya sauya shi ne girman cutar da mutum ɗaya zai iya yi ba tare da ya ji a jikinsa cewa ya yi ba. Wanda ya kafa inji a bakin tafki ya tsotse shi cikin 'yan makonni bai ɗauki kayan kowa ba, bai tsallaka iyakar kowa ba. Amma kifin da ke jiran ranar su ya mutu tun yana ƙarami, shanu sun rasa mashaya, na ƙasa da shi ya rasa ruwa. Kunya tana aiki ne idan akwai ido, wato idan mai cuta yana ganin fuskar wanda ya cuta. Inji ya nesanta tsakanin aiki da sakamakonsa.

Maganin feshi ya ƙara wannan nisa. Maganin ciyawa ya sauke wa manomi wahalar noma da hauya da cira da hannu, wanda duk wanda ya taɓa duƙawa a cikin laka ya san darajar hakan. Sai dai hauya tana da ido, magani ba shi da shi. Mai hauya yakan tsallake lalo da tafasa da gasaya domin ya san za a yi miya da kwaɗo da su, feshi kuwa duka yake ƙonewa. Ragowar maganin ruwa ke wanke shi zuwa tafki da gulbi, inda tarwaɗa da gargaza suke, inda kuma mutane da dabbobi ke sha. Ba abin mamaki ba ne a ga mai feshi babu takalmi babu abin rufe hanci, ko a ga robar magani ta zama ta ɗiban ruwa. Mafi muni shi ne zuba guba a ruwa domin kama kifi, abin da aka daɗe ana yi da Gamalin a sassan Nijeriya, maganin da sinadarinsa ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009. Masuncin da ya gaji sana'ar ya san cewa ruwan da aka kashe 'ya'yan kifinsa bana ba shi da abin bayarwa baɗi. Mai guba ba ya buƙatar sanin komai game da ruwa, kuma wannan ne ya sa ikon sarkin ruwa ya yi rauni, domin ikonsa a kan masu sana'a yake, kwalbar magani kuwa kowa na iya saye.

4.6 Bashi da Amana

Noman inji noman jari ne, jari kuwa ga mafi yawan ƙananan manoma bashi ne. Shirin bashin da aka ƙaddamar a 2015 ya ba da iri da taki da magani da injuna a kan a biya da shanshera bayan girbi. Sanannen abu ne cewa maido da bashin ya zama matsala babba a faɗin ƙasa, kuma daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye. Wasu ambaliya ce ta cinye su, wasu kayan ba su iso musu a kan lokaci ba, wasu kuma tun farko ba manoma ba ne. Amma akwai waɗanda suka girbe suka ƙi biya, alhali mutanen nan ba za su iya kwana da bashin mudu ɗaya na maƙwabci ba. Dalili shi ne amanar Bahaushe ta saba da fuska. Bashin da aka karɓa ta hanyar lambar banki da hoton yatsa ba shi da fuskar da za a ji kunya, sai aka sa masa suna rabon gwamnati.

4.7 Daga Fetur Zuwa Hasken Rana

Bayan damtse ya daina zama iyaka, kuɗin fetur ne ya zama sabuwar iyaka. Manomi yakan kashe inji da zarar fangali ya cika, domin kowane minti kuɗi ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wasu sun rage faɗin gonakinsu, wasu sun juya injunansu zuwa iskar gas, masu hali kuma suka koma ga injin da ke aiki da farantan hasken rana, wanda aka fi sani da sola.

Sola ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara, ba ta tsiyayar da baƙin mai a cikin gona, kuma ƙasar Kebbi ba ta da ƙarancin rana. Ta wannan fuska alheri ce ga muhalli. Amma kuɗinta a farko ake biyansa gaba ɗaya, daga nan ruwa ya zama kyauta daga hantsi zuwa la'asar. Mai ita ba shi da dalilin kashe ta, yana ma da dalilin faɗaɗa gona ko sayar wa maƙwabta ruwa domin ya fanshe kuɗinsa. Wanda ba shi da halin saye kuwa ya koma mai sayen ruwa a kan fadamar da kakansa ya ɗeba da guga.

Jihar Punjab ta ƙasar Indiya ta riga ta bi irin wannan hanya. Wutar lantarki ta kyauta da aka ba manoma ta sa rijiyoyin noman shinkafa suka yi ta zuƙar ruwan ƙasa har ya yi nisa, ala tilas a 2009 gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta hana dashen shinkafa kafin wata rana da aka ƙayyade a watan Yuni. Fadamar gulbin Kebbi ta bambanta da can, domin ruwanta na kusa ne, kuma ambaliya da ruwan sama suna sake cika shi kowace shekara. Sai dai wannan ya mayar da magana ga abin da aka tattauna a 4.2, wato rijiyar burtsatsen da ta 'yantar da manomi daga jiran ambaliya, ita kanta ambaliyar take jira. Idan aka ci gaba da tare ruwa daga sama, ana kuma ƙara yawan bututun da ke zuƙa daga ƙasa, wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai gajeriyar rijiya da ke gefen fadama, domin irin waɗannan injuna ba sa iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta kuma shinkafar rani ke fitar da kai, manomin da ruwa ya guje wa bututunsa yakan haƙa rami ya saukar da injin ƙasa domin ya kusanci ruwan. Zurfin waɗannan ramuka daga shekara zuwa shekara ma'auni ne da hukumar KARDA da masu unguwanni za su iya fara rubutawa ba tare da sun sayi wata na'ura ba.